Yatsun Ludwina a Bakin Kaspar

Ƙanena Kaspar bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Da wannan nake farawa duk inda aka tayar da zancen, wanda kuma ya ce ba haka ba ne, ya zo ya faɗa a gaban idona.

Ciwo ne da shi. Tun ranar da wani kada ya make shi da jela a cikin kwale-kwale, kansa ya bugi inji, farfaɗiya ta kama shi. Sai ya yi wata da watanni lafiya ƙalau, yana farautar kada kamar kowane namiji a bakin kogin Sepik, rana ɗaya sai ka ga ya ƙame ya faɗi. Ni da matarsa Ludwina muka kai shi asibitin mishan da ke gangaren kogi. Malamin asibitin ya ce ya saki baki, ya ɗora masa yatsa a haɓa, ya ƙwanƙwasa da wata 'yar guduma ta roba. Bakin ya rufe da kansa. Muka yi ta dariya, har da shi Kaspar ɗin. Malamin ya ce muƙamuƙi ba ya jiran izinin mai shi. In ka tauna tsakuwa a abinci, bakinka ya riga ya saki kafin ka san abin da ya faru, in kuma aka fizgi haɓa ƙasa, sai ya datse. Ya ce idan ciwon ya tashi kada mu sa masa komai a baki, kada mu ja, mu kwantar da shi a gefe mu jira, zai saki da kansa.

Duk ƙauyenmu an san da wannan. Waɗanda ba su sani ba su ne yayyen Ludwina, Tarsisius da Alois, da ke zaune can saman kogi. Ita ce ta ƙi gaya musu, don ta san halinsu, za su zo su ɗauke ta su ce ba su ba majinyaci ƙanwarsu ba. Abin da kawai suke gani in sun zo shi ne kumburi a goshinta ko ƙujewa a damtse, na riƙe shi da take yi in ya faɗi. Suna gani, suna ƙullawa a ciki.

Ranar da abin ya faru sun biyo ta wajenmu da hantsi, za su kai fatun kada wurin mai saye. Mutanen gari duk sun tafi fadama saran sago, itacen da muke cin garinsa, daga mu sai karnuka. Kaspar ya ɗaga fata ɗaya daga cikin kayansu, ya jujjuya ta.

"Suruki, wannan kada ne ko ƙadangare?"

Alois ya yi dariya ya ce ko ƙadangaren ne ya fi wanda bai kamo komai ba. Tarsisius ko murmushi bai yi ba. Kaspar ya miƙa musu buai, irin goron da muke taunawa mai sa miyau ya yi ja, suka karɓa suka gangara bakin ruwa don su ƙara wa fatun gishiri. Shi kuma ya zauna a matakalar gida, ya fasa buai biyu a lokaci guda, ya dangwalo farar ƙasa, ya cika kumatu yana taunawa. Na ce masa wata rana haɗamar nan sai ta shaƙe shi. Ya tofar da jan miyau kusa da ƙafata don ya ba ni haushi, na koma kan sagon da nake gasawa.

Faɗuwarsa na ji. Ina juyowa na gan shi a ƙasa ya sanƙare, idanu sun juye. Ludwina ta riga ni isa, ta mirgina shi gefe kamar yadda ta saba. Sai muka ji maƙogwaronsa yana wani irin kurari, ga buai cike da baki. Ta san abin da malamin ya ce, ni ma na sani, amma malamin bai ce komai a kan mutumin da ciwo ya kama da loma a baki ba. Ta zura yatsu biyu don ta kwaso. Haƙoran suka rufe a kansu.

Ihun da ta yi shi ya kawo yayyenta a guje. Ga abin da suka tarar: ƙanwarsu a durƙushe, hannunta a bakin mijinta, ja yana bin gwiwar hannunta yana ɗiga. A lokacin rabinsa ruwan buai ne, na rantse, amma wa zai tsaya bambancewa? Tarsisius bai tambayi kowa komai ba, ya sa ƙafa ya hauri Kaspar a haƙarƙari.

Na ce ciwo ne, na ce farfaɗiya ce, na ce su jira. Maganata ta bi iska. Mutanen nan tun suna yara abu ɗaya suka iya game da bakin da ya kama nama ya ƙi saki, a wurin kada suka koye shi, shi kuma suka yi wa ƙanena. Alois ya cusa masa manyan yatsu a ido. Da bai saki ba, ya jawo filafili ya soka bakin filafilin tsakanin haƙoran Kaspar yana ɓanɓara, haƙori biyu suka karye. Tarsisius ya danne goshin da gwiwa, ya kama haɓar da hannu biyu yana fizga ƙasa. Duk fizga ɗaya sai bakin ya ƙara datsewa, Ludwina ta ƙara sanƙarewa. A fizga ta ƙarshe da kunnena na ji ƙashin yatsanta ya ba da ƙara.

Na ɗare bayan Alois ina dukan kansa da ludayin sago. Ya yi jifa da ni, bayana ya bugi ginshiƙin gida, na kasa tashi. Daga nan ƙasa na kalli sauran.

"Yaya Tarsi, ku bar shi," in ji Ludwina, muryarta ta dushe. "Don Allah ku daina ja. Bai san yana yi ba."

Shi sunansa kawai ya ji a bakinta, da kuka. Ya miƙe ya zaro gatarin da ke jingine a ƙarƙashin matakala, ya juya shi ta baya. Ni kuwa ƙafafun Kaspar nake kallo. Sun fara lafawa, shure-shuren ya ragu, kuma na sha ganin haka, na san abin ya zo ƙarshe, saura kaɗan ya saki ya yi barci. Na ce ya ƙare, Tarsisius, ya ƙare, dubi ƙafarsa. Ya sauke masa bayan gatarin a ƙasan kunne, inda ake sauke wa kada. Ya ɗaga ya sake.

Hannun ya fito. Yatsu biyun suna lilo, fata kawai ta riƙe su. Haɓar Kaspar ta zame gefe guda, jini na fita ta baki da kunne, wannan karon ba buai ba ne. Tarsisius yana haki ya ce wa ƙanwarsa ta tashi su tafi gida, ta gama zama da wannan dabba. Ba ta ko ɗaga kai ba. A hankali ta gaya masa komai, jelar kada da inji da malamin asibiti da kumburin goshinta. Ta ce da sun tsaya a bakin ruwa da gishirinsu, da yanzu yana kwance yana barci. Na ga gatarin ya sulale daga hannunsa. Ban ji tausayinsa ba, har yau kuma ban ji ba.

Su suka ɗauke shi zuwa kwale-kwale, suka watsar da fatun a kan yashi. Alois ya ja inji iya ƙarfinsa. Ludwina ta ɗora kan mijinta a cinya, hannunta naɗe cikin rigata. Kaspar bai farfaɗo ba. Numfashin yana fita da kumfa, yana tsayawa, yana dawowa. Muna gab da kwanar da ake hango rufin mishan ya tsaya bai dawo ba. Alois ya kashe inji, ruwa ya ci gaba da jan mu.

A wajenmu ba a barin mamaci baki buɗe, kuma tun jiki da ɗumi ake ɗaurewa. Na sa hannu na tura haɓar sama, ina saki ta sake zamewa gefe. Na sake, ta sake zamewa. Tarsisius ya rarrafo daga gaban jirgi, yana kuka kamar yaro, ya miƙo hannu zai tallafa.

"Ka taɓa shi ya isa haka, Yaya," in ji Ludwina.

Ya janye hannunsa. Ta yago gefen zanenta da haƙori, ta ce in riƙe mata haɓar. Ta zagaya ƙyallen da hannun hagu, daga ƙasan haɓa zuwa tsakar kai, amma hannu ɗaya ba ya ƙulli. Sai ta sunkuya ta kama bakin ƙyallen da haƙoranta, goshinta a kan nasa, ta ja har bakin ya rufe.