Ruku'in Bayan Rumbu

Attahiru ya tura ƙugunsa baya, ya ɗan saki gwiwa, ya sauke ƙarfen a hankali yana gogar ƙafafunsa, har ya ji jijiyoyin bayan cinyarsa sun ɗame. Sannan ya miƙe. Wani tsohon ƙarfen mota ne ya tsinto a Bodinga, ya ɗaure masa dutse a kowane gefe. Haka sajansu ya koya musu a yaƙin Bama: baya a miƙe kamar allo, ƙugu ke lanƙwasawa, kaya a manne da jiki. Tun da ya dawo Dandin Mahe bai fasa ba, amma a bayan rumbu yake yi, don mutanen gari sun ce soja ya dawo da ruku'in da babu salla.

Matarsa Safinatu ta leƙo. "In ka gama juya ma duniya baya, Baba na jiranka gona. Yau za a kai albasa kasuwa."

Malami, mahaifin Safinatu, ya haura sittin, amma bai taɓa yarda wani ya ɗora wa jakinsa kaya ba. Da Attahiru ya isa gona, ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi, kai a ƙasa. Da ya ɗago, sai ya ga tsohon ya tsaya da tazara tsakaninsa da buhun albasa, ya yi doro da bayansa, ya miƙa hannuwa zai fizgo.

Maganar ta zo masa har baki. To amma ta ina zai fara? Ya ambaci ƙugu da cinya a gaban uban matarsa, mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba? Ko ya juya ya turo masa ɗuwawu ya ce a duba?

"Baba, bari in kama," ya ce.

"Kai dai riƙe jaki."

Ya riƙe jaki. Buhun farko ya hau lafiya. A na biyu Malami ya ce "Wash!" ya zube a kan kunyar gona, albasa ta watse.

A kan jakin nan aka kai shi Bodinga wurin maɗori, Attahiru na tallafe da shi duk tsawon hanya. Maɗorin ya lallatsa bayan.

"Ƙashi bai karye ba," in ji shi. "Tahiya za ta dawo, in Allah ya so. Amma noma kam, a yi haƙuri."

Attahiru ya fita ya zauna a gindin bango. Ya ga mutuwa iri-iri a Bama, amma babu wadda ya ji da hannunsa a ciki kamar wannan faɗuwa. Magana uku ce kawai, ya haɗiye ta.

Bayan la'asar Malami ya sa aka kira shi. Yana kwance a tabarma, fuskarsa na kallon bango.

"Soja, abin nan da kaka yi bayan rumbu, na ɗaukar kaya ne?"

"Shi ne, Baba."

"Na sani. Sau ukku ina laɓewa ina kallonka. Tun bara bayan nan ka damuna. Na so in ce ka gwada min, sai in tuna mijin ɗiyata ne. Kai ma ɗazu ka buɗa baki, na gani."



Da ƙyar tsohon ya juyo da kansa. "To, yi shi in gani."

Babu ƙarfe a ɗakin, babu buhu. Attahiru ya tashi, ya juya gefe, ya tura ƙugunsa baya, ya sunkuya a hankali hannu wofi, ya miƙe.

Malami ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan, Baba."