Tsuntsun Mulud

Shekara tara maknin ɗin nan yana rataye cikin keji a ƙofar shagon askin Rabah, can cikin wani lungu na garin Miliyana. Ɗan tsuntsu ne mai jan fuska, na ƙanensa Mulud. Mulud ne ya rene shi, yakan lulluɓe kejin da ƙyalle ya yi ta yi masa fito har tsuntsun ya haddace. Da Mulud ya rasu fiton ya rage a bakin tsuntsun, shi ya sa shagon bai taɓa yi wa Rabah faɗi ba.

Wata Laraba sai ga ma'aikatan gandun daji. Wai maknin ya kusa ƙarewa a daji, an hana kamawa, an hana ajiyewa. Suka tafi da kejin, suka bar masa sammaci.

Ranar shari'a Rabah ya sa farar alkyabbarsa, ya kwaso maƙwabta uku su shaidi halinsa. Bawan Allah, ya ɗauka hali ake tambaya.

"Ranka ya daɗe, ban kama ba, ban saya ba, gado na ci. Wallahi ko sanin an hana ban yi ba."

Alƙalin ya cire tabarau. "Baba, na yarda da kai. Amma wannan dokar ba ta tambayar abin da ke zuciya. Tsuntsun a hannunka aka same shi?"

"A hannuna."

"To iyakar abin da take tambaya ke nan."

"Ashe kurma ce dokar taku."

Aka ɗan dara, ban da alƙalin. Ya sassauta wa Rabah iya ƙarfinsa, amma tsuntsu kam dole a mayar da shi daji. Rabah ya roƙa a yi a gabansa.

A gindin dutse, cikin itatuwan zaitun, wani ma'aikaci ya buɗe kejin. Tsuntsun ya yunƙura, ya faɗo ƙasa, don bai taɓa tashin da ya wuce taƙi biyu ba. Ya yi tsalle-tsalle ya zo ya tsaya jikin takalmin Rabah, ya ɗaga kai yana jiran tsaba.

"Ɗana," Rabah ya ce wa ma'aikacin, "wannan ba zai kai gobe ba."

"Na sani, Baba." Ma'aikacin ya sunkuyar da kai. "In ka ɗauke shi kuma, sabon laifi ne."

Rabah ya janye ƙafarsa a hankali don kada ya taka tsuntsun, ya juya ya nufi mota. Tsuntsun ya biyo shi da tsalle.