Ramuwar Tsutsar Wata

Daga Achida har Goronyo babu wanda ya kai Malam Musaddiƙ son adalci, kuma shi da kansa ya sha tabbatar da hakan. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Wurno. In an tashi makaranta yakan zauna ya zana labaran tsoro irin na Japan, masu kumbo da dodanni. Abin alfaharinsa ita ce Tsutsar Wata, wadda ke shiga kunnen 'yan sama jannati ta cinye musu tunani.

Yana cikin wani zauren WhatsApp mai mutum arba'in, inda kowane mako ake haɗa halittu biyu a jefa ƙuri'a kan wadda za ta kayar da wata. Da aka haɗa Tsutsar da Jarumi Mai Takobi Bakwai, gwanin shugaban zauren, wani Maigandi mai cajin waya a kasuwar Goronyo, sai Jarumin ya samu ƙuri'a tamanin da uku. Musaddiƙ ya yi jami'a, ya san tamanin da uku ta fi arba'in.

Bai sha wahalar bincike ba. Ranar kasuwa makiyaya kan bar wa Maigandi wayoyinsu a buɗe, ya yi musu caji ya tura musu waƙoƙi. Shi kuwa sai ya shigar da su zauren, ya kaɗa ƙuri'a da sunansu, ya fitar da su kafin su dawo daga kara, kasuwar dabbobi.

Da Musaddiƙ ya tare shi da maganar, Maigandi bai ko musa ba. Ya ce, "Haba Malam, mi na abin hushi? Tsutsa ta fa. Ko kaza tana gamawa da ita."

Zancen kazar nan Musaddiƙ ya kasa haɗiyewa. Mako uku yana zane, takardun jarrabawar ɗalibai na jiransa. Ya fito da sabon dodo mai wayoyin caji arba'in suna fita daga cibiyarsa, yana tsotse muryar duk wanda ya bar masa waya. Dodon na da wushiryar Maigandi da karkatacciyar hularsa. Bai sa suna ba, don shi mai adalci ne.

Hoton ya fita daga zaure, ya zaga har rugagen Kwargaba. Ba wanda ya ce ya yarda da shi. Kowa dai ya lura cewa mai cajin bakin tasha ya fi kusa. Da aka sake karawa, Tsutsa ta ci da ashirin da biyu, Jarumi tara.

Ranar kasuwa Musaddiƙ ya sa sabuwar shadda ya tafi Goronyo kallon nasararsa. Ya tarar da rumfar a rufe. Aka ce Maigandi ya koma cinikin albasa wajen kawunsa, har ya fara ƙiba.

A gefen rumfar wata tsohuwa ce zaune, Inno, wadda shekara shida take soya wa masu jiran caji masa. Ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, ko ka ji mi ya kori mutane daga nan?"

Ya ce shi bai san sha'anin kasuwa ba. Ta miƙo masa masa, ya ce ya ƙoshi.

Inno ta rufe sauran ƙullun, ta yayyafa wa wutar ruwa, ta ɗora tanda a ka tun ba a kira azahar ba.