Duron da Teku Ta Amayar a Pumalén

Guguwar hunturu ce ta amayo da duron a gaɓar tsibirin Pumalén, kuma duk faɗin gaɓar nan bai ga wurin kwanciya ba sai tsakiyar lakar da mata ke tsintar cholga, wata irin kawar teku, idan ruwa ya janye. Doña Otilia Bahamonde ta hango shi tun daga tagarta, ta yi tsaki. Tun rasuwar mijinta wannan laka ce gonarta: ta tsinto baƙar kawar, ta kyafe ta da hayaƙi, ta jera ta a zare, ta aika kasuwar garin Castro. Duk abin da ya taɓa lakar, tukunyarta ya taɓa.

Kafin ta ɗaura ɗankwali ta sauko, Don Belarmino Oyarzún ya riga ta. Masunci ne, uban baftismar ɗanta (shi ya sa take kiransa compadre, shi kuma yana kiranta comadre), mutum mai faɗin ƙirji da ƙarancin saurare. Ya riga ya ɗaura wa duron igiya, kuma a Pumalén duk abin da teku ta kawo na wanda ya fara ɗaura masa igiya ne, ko katako ne, ko mushen kifi. Ya kawo bijimansa biyu su ja, suka yi nishi, suka yi kashi, duro ko gezau.

“Siminti ne a ciki, comadre!” ya ce yana washe baki. “Cike taf! Na samu abin ɗaure jirgina har abada. Ko iskar ƙarshen duniya ta zo, a nan za ta bar shi.”

Otilia ta zagaya duron. Tsatsa ta ci shi, kawa ta manne masa ta ko’ina, manya-manya. A gefe ɗaya, inda bijimai suka goge, ga sauran fenti ruwan ɗorawa da wata alama baƙa mai kunnuwa uku.

“Compadre, wannan fa?”

“Farfela mana. Tambarin kamfanin injin jirgi ne. Ke da ba ki taɓa kwance inji ba, ina za ki sani?”

“Na taɓa ganinta. A ƙofar ɗakin hoton ƙashi a asibiti, lokacin da na karye a hannu. Yarinyar da ta ɗauke ni hoton sai da ta gudu bayan bango kafin ta danna.”

“To ashe asibitin ma injin jirgi suke amfani da shi!”

Mazan da suka taru suka bushe da dariya. Wani ya ce ko da guba ce, ai ruwan gishiri yana wanke komai, haka kakanni suka ce. Otilia ta dube shi. Kakannin nan dai su ne suka ce jirgin matattu yana yawo cikin hazo da fitilu, kuma har suka mutu babu wanda ya kamo ko igiyarsa. Ita ba ta san abin da ke cikin duron ba, kuma ba ta yi iƙirarin sani ba. Abin da ta sani shi ne, babu mai cusa alheri cikin siminti ya kai shi tsakiyar teku ya jefar. Rediyo ma ta sha faɗin cewa ƙasashen masu kuɗi sun daɗe suna zubar da sharar nukiliya a ruwa, irin sharar da ba a ganin gubarta, ba a jin warinta, sai dai ta shiga kifi, kifi ya shiga mutum.

Ta aika saƙo ofishin tashar jiragen ruwa. Suka turo Sajan Retamal, ɗan arewacin ƙasar, mai farar hula da takalmi mai ƙyalli. Bai sauko daga jirginsa ba. Daga nesa ya ɗora madubin hangen nesa a ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga murya:

“Babu wani haɗari, uwa! Hukuma ta duba!”

“To sauko ka duba da kyau mana, ɗana!”

“Laka za ta ɓata mini takalmi!”

Jirgi ya juya. Belarmino ya ɗaura nasa jirgin a duron, yana fito. Yara suka mai da shi wurin tsalle. Duk sanda ruwa ya janye sai Otilia ta ga tsatsar ta ƙara tsagewa a gindi, wani jan ruwa yana tsatsafowa cikin lakarta.

Sai ta kira gayya. Rufin ɗakin kyafarta dama yana yoyo, kuma a tsibirin nan idan an kira gayya babu mai ƙin zuwa, mai gida kuma sai ta ciyar da kowa har ya kasa tashi. Ta zaɓi ranar da Sajan yake zuwa duba jiragen masunta. Tun kafin ranar ta ɗauki kwandonta ta tsallaka tudu zuwa ɗaya gefen tsibirin, nesa da duron, inda ƙafa ba ta cika zuwa ba, ta tsinto cholga mafi girma da ta taɓa gani. Ita ba mai kisan kai ba ce. Amma ba ta ga dalilin sanar da kowa inda ta je ba.

Maza suna kan rufi, mata suka haƙa rami, suka gasa duwatsu har suka yi fari, aka zuba kawa da naman alade da kaza da wainar dankali, aka rufe da manyan ganye da ƙasa. Sa’ad da aka buɗe wannan girkin rami da suke kira curanto, ƙamshinsa kaɗai ya isa ya sauko da Sajan daga jirgi, da takalminsa da komai.

Ta zaunar da shi a gaban tebur, kusa da Belarmino. Ta cika musu kwano har yana zuba. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da ke bin mutumin da ya ture kwanon mai gida: har jikokinsa za a riƙa nuna su da baki.

Sajan ya ɗaga kawa ɗaya, ta kusan cika tafin hannunsa.

“Kai! Uwa, ban taɓa ganin irin wannan ba. A ina ake samunsu haka?”

“Ai albarkacinku ne, ranka ya daɗe,” ta ce tana goge hannu da zane. “Daga jikin duron compadre na kankaro su. Da can ina tsoro, tsufa ne. Amma tunda hukuma ta duba, na ce wa zai fara ci in ba hukuma ba?”

Hannun Sajan ya tsaya tsakanin kwano da baki.

“Ci mana, ɗana, kada ta huce. Compadre, kai kuma fa? Naka na zaɓo daga kan farfelar kanta, sun fi ƙiba.”

Belarmino ya dubi kwanonsa. “Comadre, ni ai cikina tun jiya...”

“Cikin da ya ɗauke rabin alade a bikin ’yarka? Ci, ruwan gishiri ya wanke.”

Matarsa, Doña Fresia, wadda ta yi shekaru tana jiran rana irin wannan, ta tura masa kwanon gaba. “Ci, mai duro. Idan ka fara haske cikin duhu, mun huta da sayen kananzir.”

Mata suka kwashe da shewa. Sajan ya yi gumi har wuyan rigarsa ya jiƙe. Ya ajiye kawar a hankali kamar ƙwai, ya ce a gaskiya binciken da aka yi na farko ne, akwai na biyu, kuma dokar aiki ta hana shi cin shaida. Ya nemi jaka ya zuba kwanon gaba ɗaya, ya riƙe ta nesa da jikinsa, ya nufi jirgi cikin laka har gwiwa bai ko waiwayi takalmin ba. Bayan ya tafi ne Otilia ta faɗa wa mata gaskiya a kunne. Su suka cinye curanton. Maza suka ci dankali.

Ba a jima ba wani babban jirgi mai ƙugiya ya zo da mutane sanye da fararen kaya daga kai har ƙafa. Suka kora kowa baya, suka yi ta yawo da wani akwati mai ƙara ƙyat-ƙyat, suka naɗe duron, suka ɗaga shi. Babu wanda ya ce wa mutanen tsibirin ga abin da akwatin ya faɗa.

“Ina za ku kai shi?” Otilia ta tambayi Sajan.

“Inda ya dace, uwa.”

Ta hau tudu ta bi jirgin da ido. Bayan tsibiri hanya biyu ce, hagu ta tafi gari, dama ta tafi buɗaɗɗiyar teku. Kafin ya kai mararrabar hazo ya sauko ya rufe shi.

Da ruwa ya sake janyewa, matan Pumalén suka sauko da kwandunansu, suka tsaya a bakin laka, babu wadda ta sa ƙafa. Ga ramin da duron ya bari, ja kamar gyambo, tsuntsayen teku suna ta caccakar kawa a gefensa. Duk suka juyo suna kallon Otilia.

“To, maƙwabciya,” in ji Fresia, “ke kika kore shi. Yanzu a tsinta ko kar a tsinta?”

Otilia ta daɗe tana kallon tsuntsayen. Gwiwoyinta suka tuna mata da tsawon tudun da ke tsakaninta da ɗaya gefen tsibirin. Ta gyara kwandon a kafaɗa, ta juya wa lakar baya.

“Bana dai a bar wa waɗannan su ci,” ta ce. “Idan sun kai baɗi da fukafukansu biyu, sai mu yi shawara.”