Manhajar da Inna Ta Zaɓa

"Goge wannan ma," in ji Inna mai saƙa. "Mai karatun sauri yake kamar an biyo shi."

Na goge. Tun hantsi nake zaune a bakin gadonta, muna gwada manhajojin Alƙur'ani. Idonta ya daina gani bara, bana kuma ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Abu ɗaya ta roƙi ɗanta Injiniya: ya riƙa zuwa yana yi mata karatu, ita da ta koya masa da bakinta. Gidansa ba nisa. Sai ya aiko direba da sabuwar waya a kwali, wai maƙwabta su saka mata manhaja. Ni ce maƙwabtan, kuma har yau abin yana ci mini rai.

"Wannan rubutunta manya ne, Inna."

"In gani da idon wa?"

"To, wannan ana saka mata abokin karatu. Duk ranar da ba ki buɗe ba, sai ta tura masa saƙo."

Ta juyo. "Ta ce masa me?"

Na karanta mata: "Inna ba ta yi karatu yau ba. Ka tuna mata."

"Kullum?"

"Kullum da safe."

"Ita nake so. Sa lambarsa."

Ko sau ɗaya ba ta yarda na buɗe manhajar ba. Ni na riƙa yi mata karatun da ka, ina tuntuɓe tana gyara mini. Injiniya dai ya bugo mini, ya ce, "Haba Yaya, ku riƙa kunna mata mana!"

Wata rana da tsakar rana Inna ta cika, ina tsakiyar sura, hannunta a kan gwiwata.

Bayan makonni Injiniya ya ƙwanƙwasa ƙofata. Ya rame, gemu ba aski.

"Yaya, don Allah ina wayar? Saƙon nan bai daina zuwa ba."

"Ka toshe shi mana. Ba injiniya ba ne kai?"

"Na kasa. Da sunanta yake zuwa."

"Waya dai ta ɓace ranar rasuwa," na ce, ina kallonsa ido cikin ido.

Ya daɗe a tsaye kafin ya tafi. Na rufe ƙofa, na shiga ɗaki. Wayar tana kan tagata a jone da caja, kusa da hular da Inna ba ta gama saƙa masa ba.