Fuskar Mai Takalma a Bango

Mai takalma ya daɗe da shagonsa a hawa na biyu na wani katafaren ginin shaguna. Da masu saye suka janye, sai shagunan suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Nasa na cikin na ƙarshe.

Daga baya mutanen unguwa suka karɓi ginin, suka mai da shi wurin koyon sana'a. Kafintoci suka kama inda ake sayar da firiji a da, aka jera kekunan ɗinki a tsohon wurin cin abinci, shagonsa kuma ya zama ɗakin masu zane. A kan kantocin da ya kafa da hannunsa suke ɗora gwangwanayen fenti.

Zaman gida ya gagare shi. Kullum da safe sai ya sa kaya masu guga, ya ce wa matarsa za shi taro kan maganar sake buɗe shago, alhali ƙofar ɗakin yake zuwa ya tsaya yana leƙe. Wata rana malamar zane ta tambaye shi ko zai zauna a kujera ɗalibai su zana shi. Ya ce to, amma na yau kaɗai. Sai ga shi abin ya zama na kullum, har yana tuɓe takalmi ya miƙe ƙafa.

Da aka shirya baje kolin ayyukan ɗalibai, 'yarsa ta ji labari, ta zo da mijinta a mota ta ce dole a je a gani. Mai takalma ya ce kansa ke ciwo. Matarsa ta ce shi da ke zuwa taro can kullum, ai shi zai nuna musu hanya.

Suna shiga ɗakin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bango guda duk fuskarsa ce. Wani ya karkace masa hanci, wani ya ƙara masa kunne. Mafi girma kuwa, wanda aka sa a tsakiya, shi ne yana barci a kujera, baki buɗe, babban yatsa ya leƙo ta hujin safa. Ɗalibai suka yo kansa da murna suna ce masa Baba mai kujera.

'Yarsa ta sunkuyar da kai. Surukin ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, “Wannan dattijon ya ɗan yi kama da Baba,” ya sulale wajen kafintoci. Wannan karar da ya yi masa ta fi dariya ciwo.

Suka koma gida. Sai da 'yar da mijinta suka tafi matarsa ta ajiye masa ruwa ta ce, “Malam, da ka gaya mini gaskiya, ai da ban bar ka ka fita da wannan safar ba.”

Ya kasa ɗaga ido. Kwana da kwanaki bai leƙa ko ƙofar gida ba, har malamar ta aiko cewa akwai waɗanda ba su gama zanensu ba. Matarsa ce ta karɓi saƙon, ta ce a gaya mata yana nan tafe. Ya yi ta jan ƙafa har rana ta ɗaga, sannan ya tafi, ya shiga ginin ta ƙofar baya.