Taliyar Ramin Lambara

A shekarun da ake shimfiɗa titin mota daga Sakkwato zuwa kudu, 'yan kwangilar Italiya sun haƙi marmara a gefen Lambara, suka bar wani ƙaton rami. Damina ta cika shi, ruwan kuma ya ƙi ƙafewa har tsakiyar bazara. Shanun rugar Ardo Manu duk a nan suke sha. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa gwamnati ta ce a cike ramuka saboda sauro, kuma katafila tana tafe.

Tun da Sodangi, wani makiyayi a rugar, ya ji maganar nan zama ya gagare shi. Ya je bakin rami ya dawo, ya leƙa garke, ya sake komawa bakin rami kamar zai tsare shi da sanda. In aka cike shi, sai dai su kwashi mata da yara su yi yamma neman gulbi, matarsa Kulu kuwa ga tsohon ciki. Ita ce ta ce masa shugaban leburorin da za su cike ramin, wani Ba'italiye da ake kira Baldo, a Bodinga yake cin abincin rana, a rumfar matarsa inda ita Kulu take kai nono.

Ardo Manu ya ce da shi za a je. Ardo kuwa uban Kulu ne, surukin Sodangi ke nan, mutumin da ko ruwa Sodangi bai taɓa kurɓa a gabansa ba. Haka suka kamo hanya, tsoho a gaba kan jaki, Sodangi can baya yana ta cin ƙasa da sauri, yana kuma taka wa kansa burki don kada ya jera da shi.

Rumfar ba wani abin a zo a gani ba ce. Zana ce da tebura na katako, sai murhun laka mai baki kamar na masu gurasa, ga ƙamshin albasar Danchadi da tumatir ya cika wurin. Direbobi da magina sun zauna sun buɗe baki suna ci a bainar jama'a, 'yan kasuwa na wucewa suna kallo, ko a jikinsu. Sodangi ya kawar da kai, kunya ta kama shi a madadinsu.

Baldo gajere ne mai tumbi, Hausarsa duk a karye amma ba ya tsoron ta. Sodangi ya durƙusa ya fara bayani, mutumin ya ɗaga hannu.

"A'a. Zauna. Ci. Bayan ci, magana."

Kafin su ankara an zaunar da su a tebur ɗaya, tsoho na fuskantar surukinsa. Matar Baldo ta dire kwano cike da taliya ja wur da miya, ta kawo wata faffaɗar gurasa da suke kira fiza, cuku na narkewa a kanta. Ta goge hannu ta tsaya a kansu tana murmushi, tana jiran a yaba.

Ba wanda ya motsa. Ardo ya ƙura wa rufin zana ido. Sodangi yana kallon yatsun ƙafarsa. Ya yi tunanin ya tashi ya ce zai duba jaki, sai ya tuna jakin na ɗaure a gabansu yana kallon kowa.

Tukur, kukun gidan, mutumin Bodinga mai sanƙo da bakin magana, ya sunkuyo kusa da kunnensa.

"Kai, mi kuka jira? Ni na yanka ragon da hannuna, babu haram ciki. Cukun ma nonon gidanku na."

"Ba shi na ba," in ji Sodangi a hankali. "Surukina na."

"Na sani sarai. Amma mutanen ga, wanda duk ya ƙi cin abincinsu ya zagi uwassu. Jiya wani malamin hanya ya ture kwano, har yanzu ba a amsa mai gaisuwa ba."

Murmushin matar ya fara dusashewa. Ta faɗi wata magana da yarensu, Baldo ya ajiye cokali mai yatsu, wuyansa ya yi ja.

"Abincinmu datti?" ya ce. "To. Ku tafi. Rami, gobe, katafila."

Ran Sodangi ya ɓaci. Ya ga Kulu a kan hanyar gulbi da cikinta, ya ga maruƙa suna faɗuwa. Ya kuma san in ya kai loma baki a gaban Ardo, a tsakiyar kasuwar Bodinga, kafin la'asar labari ya kai har garin Shagari, kuma har ya mutu 'yan mata za su riƙa sa shi a waƙa. Ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a iska, ya mayar da shi.

Sai ya ji an ce, "Bismillahi."

Ardo ne. Ya naɗe hannun riga, bai ko kalli cokalin ba, ya cusa yatsu cikin taliya ya ɗebo. Abar ta yi ta zillewa, rabi a baki rabi na lilo, miya ta zubo kan farin gemun da duk ƙasar Lambara ke sunkuyar da kai a gabansa. Wani direba ya tuntsire da dariya, Tukur ya harare shi. Tsoho ya tauna, ya haɗiye, ya yago fiza ya tura sauran gaban Sodangi ba tare da ya dube shi ba.

Sodangi ya ci. Bai ji ɗanɗanon komai ba sai gishirin hawayen da yake maƙalewa. Matar Baldo ta tafa hannu ta ƙaro musu, wai sun rame. Baldo ya sake, ya yi ta zuba surutu, ya tambayi nisan ramin daga gari. Da ya ji akwai tazara, ya kaɗa kafaɗa ya ce sauron Lambara ba zai iya tafiya haka ba, katafila ta wuce abinta.

A hanyar komawa tsoho na gaba, Sodangi na baya kamar ɗazu. Haka suka yi ta tafiya. Sai da hasken ruwan ramin ya bayyana, shanu sun kewaye shi, Ardo ya ja linzamin jaki ya tsaya. Bai waiwayo ba.

"Kai yaro. Ka ga wani abu Bodinga?"

"Ban ga komi ba, Baba."

Tsoho ya sa gefen rawani ya goge gemunsa a hankali.

"Madalla," ya ce. "Ni ma tun da safe idona ba shi gani."